Ana iya gane dusar ƙanƙara za ta zaftare kafin ta zaftare?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Erzurum ta ƙasar Turkiyya, ya ce za su hau dutse wasan dusar ƙanƙara. Na ji takan zaftare ta binne mutane. Akwai yadda ake gane haɗarin tun da wuri? Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma damuwarka tana kan hanya. A Fabrairun 2020, a lardin Van na can gabashin Turkiyya, zaftarewa biyu a jere sun hallaka mutum fiye da 40, akasarinsu masu aikin ceto.

Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowace zuba da nata. Idan sabuwa ta dunƙule a kan tsohuwa mai garas-garas, ta zama kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan ƙwayar gero: taku ɗaya ya isa ta sulale gaba ɗaya. Shi ya sa masana kan haƙa rami su duba hawan da ke ƙasa, don a ido saman lafiya lau yake.

Lokacin da ya fi muni shi ne ana cikin zuba, da kwana ɗaya ko biyu bayanta, musamman in sabuwar ta kai santimita 30. Iska ita ce na fi tsoro, domin tana kwashe dusa daga gefen da take bugawa ta jibge ta a bayan dutsen, ko da sama ta washe. Gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 nan ne ta fi ɓallewa. In ɗanka ya ji dusar ta yi "dum" a ƙarƙashinsa, ko tsaga ta gudu daga ƙafarsa, ko ya hango inda ta zaftare kwanan nan, ya juya nan take.

Ma'aunin haɗarin da ake sanarwa daga 1 zuwa 5 yake. A Turai an fi mutuwa a mataki na 3, saboda mutane na ɗaukarsa da sauƙi.

Ka roƙe shi ya tsaya cikin filin wasan da ma'aikata ke kula da shi, kada ya ƙetare igiya ko alamar rufewa. Wanda dusa ta binne, in ba a tono shi cikin kamar minti 15 ba, damar tsirarsa na raguwa da sauri. Don haka masu fita wajen filin ba sa tafiya sai da shebur, sandar lalube da na'urar gano wanda aka binne, tare da jagora ɗan gari. Allah ya tsare maka shi.