Amsa ga Hajiya kan maganar a bar yaro ya sha ɗauri

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yaya Hajiya, na saurari muryarki har ƙarshe, na kuma ji abin da Ciyaman ya ɗora a kai, cewa a bar yaron ya sha ɗauri. Kin ce an kama ɗan ƙanwarki da wiwi a wani geto nan Nima, dangi sun rabu biyu, mata na cewa a haɗa kuɗi a fito da shi, kawunnansa kuma sun ce kar wanda ya sa ko sisi, a bar shi ya sha ɗauri ko zai yi hankali. Kika ce wanne ya fi. To ni abin da na ji a ƙasan maganarki shi ne, in an kulle shi zai daina? Shi zan amsa miki. Ba zai daina ba, Yaya. Ciyaman ka yi haƙuri, girmanka ne, amma a nan ban bi ka ba.

Farko dai, mutanenmu da yawa har yau da tsohuwar dokar Ghana suke lissafi, ta zamanin Rawlings, ta 1990, wadda in an kama ka da kaya a hannu shekara 10 ce mafi ƙaranci. An canza ta tun 2020, doka mai lamba 1019, ita ce ta mai da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOB ta koma NACOC. Yanzu in alƙali ya gamsu cewa abin da aka samu na shan mutum ne, ba na sayarwa ba, tara ce, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. In ya kasa biya ne ake wucewa da shi, yana iya yin har wata 15. Kuma wannan dokar ta ba kotu dama ta tura mutum wurin jinya. Saboda haka gobe-goben nan wani namiji mai natsuwa ya je ya ga me aka rubuta a takardar tuhuma, sha ne ko sayarwa, don tsakaninsu akwai nisa sosai. In babu kuɗin lauya akwai Legal Aid, lauyoyin gwamnati masu taimaka wa marasa hali, aikinsu ke nan. Kar ku miƙa wa 'yan tsaye a bakin kotu kuɗi, masu cewa sun san wane sun san wane.

To amma ni ba wiwin ne ya hana ni barci ba. Ke da bakinki kika ce yana shan tramol, har ya taɓa faɗuwa yana karkarwa a gaban shago aka ɗauka aljanu ne. Ba aljanu ba ne, tramol in ya yi yawa a jiki haka yake kawo farfaɗiya. Wanda hukuma ta yarda da shi a asibiti mai miligiram 50 ne da mai 100, yaran nan kuwa mai 225 suke haɗiya, har da wannan jar ƙwayar da suke kira red. Kotu wiwi ta gani. Ciwon da ke jikinsa kuwa ku kaɗai kuka san shi, in ba ku faɗa wa lauya ba babu mai faɗa. Mai shan wannan ƙwaya in ta yanke masa rana ɗaya, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, hamma, ba barci, kamar ana sassare masa ƙashi. A wannan hali zai sayar da takalminsa da abincinsa ya samu ko rabi ne. A ina aka ce gidan yari babu ita? Duk inda akwai mai nema akwai mai kawowa.

Ni ina bin kwamitin masallacinmu kai abincin azumi gidan yarin Nsawam, na ga wurin da idona. Mutanen da ke ciki sun ninka abin da aka gina shi dominsa. An yi shekara da shekaru a baya kuɗin cin fursuna ɗaya a rana yana sidi 1.80, ko koko da ƙosai ba zai saya maka a Mamobi ba. Gandirobobin nan wasu mutanen kirki ne wallahi, amma ba likitoci ba ne, aikinsu ƙirga kai safe da yamma. Wa zai zauna da ɗanku ya tambaye shi me ya sa ya fara?

Akwai wani yaro, ba zan faɗi gidansu ba, wasunku sun san shi, yana koyon walda, hannunsa na da kyau, ƙofar gidana ma shi ya yi ta. Aka kama shi, aka yi irin wannan zaman, dattawa suka ce a bar shi. Na yi magana aka ce ni ne nake ɓata yara. Ya yi zamansa ya fito, ya rame, ya yi shiru, kowa na cewa alhamdulillah ya shiryu. Babu wanda ya je tarbarsa sai uwarsa. Maigidansa ya ce ba ya son tsohon fursuna a shagonsa. Bai yi sati biyu ba ya koma bes ɗinsu, wurin da suke taruwa shaye-shaye, ya sha daidai yadda ya saba sha kafin a kama shi. Jikin kuwa ya riga ya sauka daga wannan ma'aunin, ba zai iya ɗauka ba. Wannan abu likitoci sun san shi, makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Da asuba aka same shi. Allah ya jiƙansa. Kuma abin da har yau yake ci mini rai, ranar addu'ar bakwai an kafa rumfa, an yi hayar kujeru, an dafa shinkafa, kuɗin da aka kashe ya isa a kai shi asibiti tun farko. Mutanen da suka ce ba su da sisi su ne a sahun gaba. Mu in biki ne mata za su fitar da atamfar yayi, kowa ya tura Momo kafin magariba, amma a ce jinyar yaro mai shaye-shaye sai kowa ya... to, bari in bar wannan, raina yana ɓaci.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce a biya tara a kawo shi gida ya kwanta ba. Wannan ma kuskure ne, gobe za a sake kama shi. Daga kotu sai asibiti, kar ya kwana unguwa. Asibitin Pantang nan bayan Adenta suna da sashen masu shaye-shaye, asibitin ƙwaƙwalwa na cikin Ankara yana nan, asibitin Korle Bu ma suna duba irin wannan, in kuna son nesa da abokansa akwai asibitin Ankaful wajen Cape Coast. Ba kyauta ba ne, ku je ku tambayi kuɗin da bakinku, ku karɓo takarda lauya ya nuna wa alƙali cewa ga inda dangi suka shirya kai shi. Kuma ku sa a ranku zai iya komawa bayan jinya, sau ɗaya ko fiye, wannan ba ya nufin kuɗin ya tafi a banza, ana sake mai da shi ne.

Wani ya rubuta a kai shi wurin malam. Addu'a kam a yi ta dare da rana, a yi sadaka, liman ya riƙa kiransa yana zama da shi. Amma duk inda za a sa masa mari a ƙafa a yi ta dukansa, kar ku kai shi. Doka ma ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa.

Yaya, ki ce wa uwarsa ta daina ɓoyewa, unguwa ta riga ta sani. Ki kira ni bayan isha'i, in za a je ofishin 'yan sanda da safe zan raka su, kuma ni na fara sa nawa a kuɗin asibitin. Ciyaman, ka buɗe lissafi a zauren nan kowa ya gani.