An hana matata da jaririnmu fita asibiti saboda cikon kuɗi: amsar lauya

Malam, Allah ya ba yaron lafiya, ya ƙara wa mai jego haƙuri. Yadda na fahimci saƙonka, bakwaini aka haifa a wani asibitin kuɗi cikin garin Sakkwato, shawara ta kama shi, aka sa shi a kwalba, har aka yi suna yana ciki. Yau kwana 19, lissafi ya kai naira 640,000, ka sayar da babur ka biya 250,000, an ce ba mai fita sai an cika. Ban ga takardunku ba, ban kuma ji ta bakin asibitin ba, saboda haka a kan abin da ka faɗa kawai zan yi magana.

Wanda ya gaya maka a majalisa cewa doka ta mayar da jinyar gaggawa kyauta, rabin zancen ya ji. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. To amma korar marar lafiya aka hana, ba a ce an yafe kuɗi ba. Su kuwa sun karɓi ɗanka, sun yi aiki. A ganina wannan sashe ba zai cire maka ko sisi ba, bare ma da wuya a kira jinyar kwana 19 gaggawa daga farko har ƙarshe. Bashin yana nan, kuma a wuyanka yake, ba na surukanka ba: a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, ɗawainiyar yaro a kan uba take.

Inda asibitin ya yi tuntuɓe shi ne tsarewar. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa dalilan da za a iya tsare mutum, bashin asibiti ba ya ciki. Mai bin bashi kotu yake zuwa, ba ya sa mai gadi ya rufe wa mai jego ƙofa, kuma masu asibitin sun san haka sarai. Idan aka yi maka barazana da 'yan sanda, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin bashi zalla.

Sai dai ka bi a hankali, don saƙonka bai fayyace wani abu ba. Likita ya sallami yaron ne ofishin kuɗi ya riƙe, ko kuwa likitan ne ya ce bai isa fita ba? Bambancin babba ne. Idan na biyun ne, ba tsarewa ba ce, jinya ce. In ka nace za a ba ka takarda ka sa hannu cewa ka fitar da shi ba da yardar likita ba, abin da ya biyo baya kai za a tambaya. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ran yaro yana gaba da ra'ayin iyayensa, a shari'ar da uwa ta ƙi a ƙara wa jaririnta jini. Ka nemi likitan ya rubuta matsayinsa a fayil.

Kana iya zuwa Babbar Kotu neman haƙƙin ɗan Adam, mai yiwuwa ma ka yi nasara. Amma za ka biya lauya, za a ɗau lokaci, kuma ko an ba ka gaskiya cikon naira 390,000 bai mutu ba. Ni ba da nan zan fara ba.

Ka nemi lissafi dalla-dalla, kwana nawa a kwalba, wace allura, wane gwaji, ka gwada da rasit ɗinka. Sannan ka ɗauki dattijo ɗaya, liman ko mai unguwa, ku ga shugaban asibitin da kansa, ba akawu ba. Ka faɗi abin da za ka iya biya duk wata, a rubuta, kowa ya riƙe kofi. Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kunyar idon mutane, kada kuma ka bar musu takardar gida ko ta gona jingina sai lauya ya karanta yarjejeniyar.

Ka rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ka haɗa da rahoton likita. Suna taimakon marasa lafiya, amma ban yi maka alkawarin za a samu ba. Rajista da SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Sakkwato, za ta yi amfani nan gaba, ba don tsohon bashi ba. In yaron na bukatar ƙarin jinya, ka nemi takardar tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko wani asibitin gwamnati, don kowane dare a nan ƙara lissafi yake.

Idan an sallame shi, ka kai tayin biya a rubuce suka ƙi, to ranar ka kai ƙorafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ka sa lauya ya rubuta musu. Sau da yawa wasiƙa ɗaya ta wadatar.