Ina Zan Ajiye Batir a Kwale-kwale Don Kada Bayansa Ya Riƙa Shan Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a yankin Yauri, ina su a tafkin Kainji da kwale-kwalen katako mai tsawon mita 7 da faɗin mita 1.2. Injina mai doki 15 ne, irin wanda ake tayarwa da igiya. Na sayi batir ɗaya don fitilun dare da cajin waya, na ajiye shi kusa da inji tare da jarkar mai. Tun daga lokacin, da zarar na rage wutar inji sai ruwa ya shigo ta baya. Ga shi kuma ina son ƙara batir na biyu da kular ƙanƙara. Ina ya kamata in sa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake fita ruwa, ka ɗauke batir ɗin nan daga bayan jirgi. Babu abin da ya haɗa shi da injinka, tunda injin igiya ba ya buƙatar batir kafin ya tashi. Zamansa kusa da jarkar fetur kuwa haɗari ne mai zaman kansa, domin tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya kunna tururin mai.

Mu lissafa abin da ke bayan jirginka yanzu. Inji mai doki 15 ya kai kilo 36 zuwa 38. Kai mai tuƙi, mu ce kilo 70. Jarkar fetur mai lita 25 in ta cika tana kusa da kilo 20. Batirinka kuwa, mu ce mai ruwa ne na 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), kilo 28 zuwa 32 ne. Jimla ta haura kilo 150, duka a cunkushe a mita ɗaya da rabi na ƙarshe. Jirgi mai girman naka yakan nutsa da kimanin santimita 1 a duk kilo 60 da aka ɗora masa a tsakiya. Wato da wannan kayan a tsakiya suke, ko santimita 3 ba zai nutsa ba. Amma da yake a gindi suke, bayan zai iya sauka da kusan santimita 10, goshi kuma ya ɗaga sama. Idan ka rage wuta farat ɗaya, igiyar ruwan da jirgin ya taso tana biye da kai, sai ta cim maka ta haye wannan gajeren katakon na baya. Saboda haka ko bayan ka gyara lodi, ka riƙa sassauta wuta sannu a hankali.

Wurin batir shi ne gaban tsakiyar jirgi kaɗan, kamar mita ɗaya daga tsakiya zuwa wajen goshi, a ƙasa, daidai layin da ya raba dama da hagu. Wasu sukan kai shi can ƙurewar goshi wai don ya danne nauyin inji. Ban goyi bayan haka ba. Goshi ne ya fi ko'ina shan duka idan ruwa ya tashi, jijjigar nan kuma tana kakkaɓe farantan cikin batir har ya mutu da wuri. Sannan goshi mai nauyi ba ya hawa igiyar ruwa, kutsa kai yake yi cikinta. Wanda ya san iskar farkon damina a Kainji, wajen Afrilu da Mayu, ya san yadda take tashi ba sallama, kuma a lokacin ne ake son goshi marar nauyi.

Kada ka ɗora shi a kan benci don gudun ruwa. Duk nauyin da ya yi sama yana ƙara wa jirgi saurin karkata, musamman sanda mutum ya miƙe zai jefa birgi ko yana jan kalli daga gefe guda. Ka kafa katako biyu masu kaurin santimita 5 zuwa 8 a ƙasan jirgi, ka shimfiɗa tsohuwar robar tayar mota a kai, ka sa batir cikin akwatin roba mai murfi. A huda ƙananan ramuka a saman gefen akwatin, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta, musamman lokacin caji. Sai ka ɗaure akwatin da madauri biyu a jikin katakan da suka gitta jirgin. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka tura shi da ƙafa iya ƙarfinka, in ya motsa to bai ɗauru ba. Kilo 30 da ya zame zuwa gefen da jirgi ya riga ya karkata ya isa ya kifar da ku. Ruwan batir ɗin da ya zube kuma yana cin ƙusoshi, yana ruɓar da katako, yana lalata zaren taru.

Batun waya gajere ne. Ka sa fiyus a wayar ja, wato ta kan batir mai alamar +, bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Don fitilu, fiyus na amfiya 10 da waya mai kaurin 2.5mm sun wadatar. Ka ɗaure kan wayar da noti, ka shafa giris, ka bi da ita ta ƙarƙashin bakin jirgi inda ƙugiya ba za ta kama ta ba.

Yanzu batir na biyu. Ka tabbata kana buƙatarsa? A ce fitilunka huɗu ne na LED, kowace wat 15. Wat 60 ke nan, a kan bolt 12 suna jan amfiya 5. Dare na awa 10 zai ci 50Ah, rabin batirinka daidai, kuma rabin nan shi ne iyakar da ya kamata a sha daga batir mai ruwa in ana son ya yi ƙarko. Idan awonsa ya sauko wajen bolt 12.2 bayan ya huta, ya kai rabi. To in haka lissafinka yake, ka sayi na biyun amma ka bar shi a gida yana caji a sola, ku riƙa musanyawa kullum. Faranti mai wat 200 da na'urar daidaita caji zai mayar da abin da aka sha a wuni mai rana. Ka rage wa jirgi kilo 30 ke nan, ka bar wa kifi. In kuwa dole sai biyu sun hau, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya, domin tsoho yakan zuƙe sabo idan aka haɗa su. Ka jera su gaba da baya a layin tsakiya. Kuma ka sayi na sola, ka bar na mota, wanda don tayar da inji na ɗan lokaci aka yi shi. Na litiyam mai 100Ah bai wuce kilo 11 zuwa 13 ba, sai dai tsada.

Kula mai lita 50 cike da ƙanƙara da kifi tana kusa da kilo 50, ta fi batir nauyi. Wurinta tsakiyar jirgi cif, a bayan batir, ita ma a ɗaure. Jarkar mai ta matso gaba iya tsawon tiyo, amma a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da batir. Goshi na kayan da ba su da nauyi ne: igiya, tabarma, abinci, leda. Rigar kariya kuwa a jiki take zama. Ka tuna kuma jirgin da ya fita ba shi ne yake dawowa ba, domin mai ya ragu, taru ya jiƙe ya yi nauyi, ga tarwaɗa da ƙarfasa sun hau. Kifin da aka zuba haka nan a ƙasa yana gangarawa gefe guda, haka ma ruwan da ya taru a ciki, kamar ruwa a faffaɗan daro da aka ɗauko a ka. Ka zuba kifi a kwanduna ko ka raba wurin da katako a tsaye, ka riƙa kwarfe ruwa tun yana kaɗan.

Idan ka gama shiri, ka gwada a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ku hau da cikakken lodi, kowa a mazauninsa, ka sa buhunan yashi a madadin kifin da kuke samu ranar sa'a. Wani ya tsaya gefe ya auna daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi a baya da dama da hagu. Dama da hagu su zo daidai, goshi ya ɗan fi baya tsayi, kuma a wurin da ya fi ƙasa ina ba ka shawarar kada ya gaza santimita 25. Ka ja layin fenti a daidai inda ruwa ya tsaya a jikin jirgi, a gefe biyu. Duk ranar da ruwa ya rufe layin, a sauke wani abu kafin a tashi.