Na biya mai gambara kuɗin baitinsa, me ya sa yake neman kaso?

Tambaya: Na yi waƙar rabuwa, na gayyato wani mai gambara ya sa baiti ɗaya, na tura masa kuɗin da ya yanka. Saura mako biyu in sake ta, sai ga shi ya ce ko a ba shi kaso ko ya sa a sauke ta. Yana da wannan ikon? Hankalina ya tashi.

Amsa: Malama, in babu takarda tsakaninku, yana da bakin magana. Dakatar da sakin waƙar tukuna.

Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a kanta: na rubutu da karin waƙa, da kuma na muryar da aka naɗa a situdiyo. Na biyun yawanci na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, wato ke. Na farkon kuwa, duk wanda ya rubuta layi yana da rabo.

Abin da ke kashe mawaƙanmu shi ne "ai na biya shi". Kin biya shi ya zo ya tsaya gaban makirfo ya rera. Kalmomin da ya rubuta suna nan nasa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta yarda an miƙa haƙƙi ga wani ba sai a rubuce. Alat ɗin banki shaidar biya ce kawai, bai faɗi abin da aka saya ba. Saƙon murya na WhatsApp mai cewa "ba komai, 'yar'uwa" ma haka. Kuma don Allah a daina sauraron 'yan zaman situdiyo masu cewa tunda bai yi rajista ba, ba shi da komai. Haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta ko an naɗa, ba ya jiran hatimin kowace hukuma. Su masu wannan fatawar, ranar da ƙorafi ya isa ga DistroKid ko TuneCore, kamfanonin da ke ɗora wa mawaƙa waƙoƙi a intanet, aka janye waƙar daga manhajojin sauraro irin Spotify da Audiomack, ba za ki gan su ba.

Ku zauna ku cika takardar rabon kaso: sunan waƙa, cikakken sunan kowa na katin shaida haɗe da sunansa na waƙa, kason kowa, jimilla kashi 100, sa hannu da kwanan wata. A al'adar harkar, mai kiɗa kan ɗauki rabi, masu rubutu su raba sauran gwargwadon abin da kowa ya rubuta. Baiti ɗaya ba ya kai kason wadda ta rubuta amshi da baiti biyu. A ƙara layin da ya ce ya yarda a yi amfani da muryarsa da sunansa, kuma kuɗin da ya karɓa ya rufe haƙƙinsa a kan naɗin.

In yana ƙarƙashin kamfanin waƙa, sai kamfanin ma ya sa hannu. In ya ƙi gaba ɗaya, ki sa furodusa ya cire baitin, a sake haɗa sautin, a ɗora da sabuwar lambar ISRC, wato lambar shaidar da ake ba kowane naɗi.