Inda ya kamata a kafa jiniya da fitilar gobara a ɗakin kwanan ɗalibai

Malam, ka tambayi inda za ka kafa jiniya da fitilar gargaɗin gobara a makarantarku ta kwana da ke Katsina. Kafin ka taɓa waya, kashe wutar akwatin da ke sarrafa jiniya da fitilun, ka cire batirinsa, domin ko an ɗauke wuta yana nan da rai.

Fitilar bango, bisa ƙa'idar NFPA 72 ta Amurka, a tsakanin mita 2.03 da 2.44 daga ƙasa ake sa ta. Kada kabad ko labule ya tare ta. In sun wuce biyu a wuri ɗaya, su riƙa walƙiya tare, saboda masu farfaɗiya.

Ƙarar ce abin lura. Ana son ta kai desibel 75 a daidai matashin kai, ƙofa a rufe. Jiniya ɗaya a baranda ba za ta tada yaron da ya yi nisa a barci ba, ga fanka na juyi, janareta na ruri. Ni dai kowane ɗaki zan sa wa tasa, ko da kuɗin ya ɗan haura.

Yawancin jiniyoyi da fitilun nan volt 24 ne, kada ka juya jan waya da baƙa, kuma ka mayar da rezistan ƙarshen layi, wato ɗan abin da ake haɗawa a na'urar ƙarshe don akwatin ya gane in waya ta tsinke. Ta waje ta zama mai jure ruwa da ƙurar hunturu. Ka sanar da yaran kafin gwaji.