Tambaya da Amsa: Shin aikin koyarwa zai riƙe ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Garwa, a Kamaru. Ɗana na fari ya ci bak bana, wato jarrabawar gama sakandare, ya kafe sai ya shiga ENIEG, makarantar horar da malamai, ya zama malamin firamare. Ƙanina mai shago a babbar kasuwa kuma ya ce a ba shi yaron. Don Allah nawa malami yake samu a wata, kuma zai iya riƙe gida? Daga wani uba, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa yaro albarka.

Kafin a zo kan nawa, sai an san wa zai biya shi. A makarantun gwamnati na arewacin nan malamai iri biyu ne ke riƙe da alli. Akwai mai matirikil, lambar da ke sa sunan mutum cikin masu karɓar albashi daga Yawunde. Akwai kuma malamin iyaye, wanda ƙungiyar iyayen yara, APEE, ke biya daga abin da ta tara. Takardar ENIEG kaɗai ba ta ba mutum matirikil, sai gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki sunansa ya fito. Wani tsohon ɗalibina yana koyarwa a wani ƙauye kan hanyar Gider, iyaye na ba shi sefa 20,000 a wata, ba kuɗin hutu, wani lokacin ma sai an biya kuɗin auduga yake gani. Wannan bai kai rabin mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka wa ma'aikatanta a 2024 ba, wato sefa 43,969. Yaron nan da takardarsa, yara kuma suna karatu a hannunsa. Abin yana ci mini rai.

Mai matirikil ya fi shi nesa ba kusa ba. Albashinsa yana bin matakinsa da shekarun aikinsa, ga kuɗin gida, ga fansho. Zai ci, zai biya haya, amma kada ka sa ran gini da wuri. Mu da muka ga 1993 ba mu manta ba: sau biyu aka zaftare albashi a shekara guda, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An ƙara kashi 15 cikin ɗari a 2008, kashi 5 a 2014, kashi 5.2 a 2023, da kashi 5 a 2024. Ukun ƙarshe duk tare da ƙarin kuɗin mai suka zo, kasuwa ta lashe su tun ba su shiga aljihu ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne jira. Tsakanin fara aiki da ganin cikakken albashi ana iya shafe shekaru, mutum yana bin dosiye, wato takardunsa a ofis, yana jiran rapel, wato kuɗin baya. Wannan ne ya jawo yajin aikin OTS, wato "mun jure ya isa" a Faransanci, a Fabrairun 2022, lokacin da malamai suka ajiye alli a duk ƙasa. Ana cikin haka, a watan Maris, Allah ya yi wa Malam Hamidu na makarantar sakandaren Beka da ke Faro rasuwa, bayan ya yi kimanin shekara goma yana koyarwa ba albashi. Allah ya jiƙansa.

Duk da haka ban ce ka hana shi ba. Ƙauyukanmu na matuƙar bukatar malaman da suka san harshen yara da iyayensu, yaron da ya zaɓi aikin da kansa kuwa ba a rasa alheri a tare da shi. Sai dai ka zaunar da shi da ƙanin naka mai shago ku yi magana ɗaya: ya shiga ENIEG, Asabar da Lahadi da lokacin hutu yana shago, ko ka sa shi kan keken ɗinki ya ƙware, don ya sami abin riƙe kansa har lambar ta fito. Maganar aure a dakata tukuna. Kuma tun yau ka saya masa jakar takardu, duk abin da zai miƙa a ofis ya ajiye kwafinsa mai hatimi a gida.