Tambaya da Amsa: A Canja Robobin Mastan Birki Ko A Sayi Sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Japan wadda ta kai shekara 18, ina jigilar fasinja da ita tsakanin Gusau da Funtuwa. Mako uku ke nan, idan na taka birki na riƙe, sai in ji fedar tana nitsewa sannu a hankali har ta kusa taɓa ƙasa, amma da na ɗaga ƙafa na sake takawa sai ta kama. Man birkin bai ragu ba, kuma ban ga yoyo ba. Wani bakanike ya ce robobin masta za a canja, wani kuma ya ce sai dai in sayi sabon masta gaba ɗaya. Wanne ne ya yi daidai? Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Direba. Kafin komai, ina roƙonka ka ajiye motar nan har sai an gyara ta, domin fedar da ke nitsewa yau tana kamawa a taku na biyu, wata rana za ta ƙi kamawa, kuma rayukan mutane kake ɗauka.

Alamun da ka bayyana sun fi nuni ga masta. Shi masta famfo ne da ke mayar da ƙarfin ƙafarka ya zama matsin mai, man kuma ya bi bututu ya kai wannan matsi ga tayoyi huɗu. A cikinsa akwai fistan guda biyu, ɗaya a bayan ɗaya, kowanne da robobinsa da layin mansa, domin idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota, tsarin da ya zama dole ga motocin Amurka tun ƙarshen shekarun 1960. Idan robar fistan ta cinye, mai yakan sulale ta gefenta ya koma baya maimakon ya tafi taya. Shi ya sa fedar ke nitsewa alhali robar ajiyar mai tana cike, domin yoyon a ciki yake, ba ya fitowa waje.

Duk da haka, kada a kwance shi kan zato. A duba bayan kowace taya da bututun da ke shiga cikinta, sannan a duba inda masta ya manne da busta, wato baƙar tukunyar nan da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, domin idan robar ƙarshe ta lalace mai yakan zuba cikin bustar ba tare da ya ɗigo ƙasa ba. Gwaji mafi inganci shi ne a cire bututun da ke fita daga masta, a toshe ramukan da noti mai zare daidai da su, a taka fedar a riƙe. Idan ta tsaya da ƙarfi, laifin yana can gaba, a wajen taya ko a na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Idan ta ci gaba da nitsewa, masta ne babu shakka. Fedar da ke da laushi kamar soso kuwa, wadda ba ta nitsewa har ƙasa, galibi iska ce ta shiga layi, kuma wannan magana ce daban.

Game da saɓanin makanikan nan biyu, babu wanda zai iya yanke hukunci a cikinsu sai an buɗe masta an haska cikin ramin da fistan ke zirga-zirga. Idan ramin sumul yake, babu tsatsa, babu ƙarzuwa, babu ƙananan ramuka, to sabbin robobi masu kyau za su yi aiki, kuma ka tsira da kuɗinka. Idan kuwa ka sa farce ka ji yana kama wani abu, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, domin wurin da ya cinye tsohuwar shi zai cinye ta. Tsofaffin motoci na zamanin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna mastansu na baƙin ƙarfe ne, ana iya goge cikinsa kaɗan da dutsen goga na musamman. Yawancin motocin da suka biyo baya na alminiyam ne, kuma cikinsa yana da wani siririn rufi mai tauri. Da zarar an bi shi da sanfefa, kamar yadda nake gani ana yi a gareji da dama, an cire wannan rufi, an bar ƙarfe mai laushi da zai cinye cikin ɗan lokaci. A ra'ayina, mota mai shekara 18 da ke ɗaukar fasinja kullum ta cancanci sabon masta. Na Beljiyam kuwa ban cika son sa ba a wannan wuri, domin robobinsa sun yi tsufan da naka suka yi, ga shi ya daɗe a ajiye yana shan danshi. Ka tabbata lambar sabon ta dace da motarka, saboda masta biyu suna iya yin kama a ido amma faɗin raminsu ya bambanta, kuma wannan bambanci yana canja tsawon taku da ƙarfin kamu.

Idan an zaɓi gyara, tsabta ita ce rabin aikin. A jera kayan ciki bisa tsarin da suka fito, a lura da inda bakin kowace roba ke fuskanta, a wanke komai da sabon man birki kawai. Fetur, kalanzir, baƙin mai da giris duk suna kumbura irin robar birki har ta ƙi aiki, ko da ɗan kaɗan ne ya taɓa ta. Akwai kuma wasu ƙananan ƙofofi da mai ke bi ya koma robar ajiya idan an saki feda. Idan datti ya toshe su, ko sandar busta ta yi tsawo tana danne fistan, birki zai riƙa riƙe taya yana zafi bayan 'yar tafiya.

Ko sabo ne ko gyararre, sai a fitar masa da iska tun yana kan benci kafin a ɗaura shi. Ana kama shi a kwance daidai, a sa gajerun bututu daga ramukansa su koma cikin robar ajiya, a cika mai, a riƙa tura fistan a hankali har kumfa ta daina fitowa. Makanikai da yawa suna tsallake wannan mataki, sai su wuni suna famfo fedar ba ta yi ƙarfi ba. Bayan an ɗaura, a fara murɗa notin bututu da hannu don kada zarensa ya karkace, a ɗaure da sifanar da aka yi domin bututu, sannan a fitar da iska taya bayan taya bisa tsarin da littafin motar ya faɗa, wanda a motoci da yawa yake farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. Man da ya zuba a jikin mota a wanke shi da ruwa nan take, domin yana cin fenti. Kada motar ta hau titi sai an taka fedar an riƙe na ɗan lokaci an ga ba ta motsa ba, sannan a gwada ta a fili da ƙaramin gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya kashe mastan tun farko, kuma ina kyautata zaton tsohon mai ne. Man birki na ajin DOT 3 da DOT 4, wato lambobin da ke nuna irin man, yana zuƙar ruwa daga iska, ruwan kuma shi ke haifar da tsatsa a cikin rami. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar DOT ta yarda zafin tafasarsa ya sauko har 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Idan ya tafasa a gangare mota ɗauke da kaya, fedar takan tafi ƙasa gaba ɗaya. Saboda haka kamfanonin mota da yawa suka ce a canja shi duk bayan shekara biyu, amma a wajenmu ƙari kawai ake yi har ya yi baƙi. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare a hanya ya fi wannan muni, don a digiri 100 yake tafasa. Ka duba murfin robar ajiya, an rubuta irin man da motarka ke sha; ka sayi wanda ke rufe da hatiminsa, kada ka haɗa shi da DOT 5 wanda sinadarinsa daban ne, kuma ka sa a zubar da tsohon duka daga bututun tayoyi huɗun ranar da za a ɗaura mastan.